Taurin Kabonet a Ruwan Kifin Ado: Yaushe Ake Rage Shi, Kuma Ta Wace Hanya?

Me ya sa mutum zai ɗiga maganin rage pH, wato lambar da ke nuna tsamin ruwa, a tankin kifinsa da daddare, ya auna ya ga lambar ta sauko daga 8.2 zuwa 7, amma gari na wayewa ya tarar ta koma inda take? Tambaya ce da ta daɗe tana yawo tsakanin masu kiwon kifin ado, kuma yanzu da akwatunan gilashi na kifi suka fara shiga falo da ofis da otal a biranenmu, ta iso gare mu. Amsar da aka saba ji ita ce maganin jabu ne, ko kuma bai isa ba, a ƙara. Sai a ƙara, a sake ƙarawa, har ranar da lambar za ta rufto ƙasa lokaci guda, kifaye su taso saman ruwa suna haki.

Maganin yana aikinsa. Akwai dai wani abu a cikin ruwan da ke shanye shi, wanda ake kira taurin kabonet, a taƙaice KH. Wanda bai san adadinsa a ruwan gidansa ba yana kokawa ne da abin da ba ya gani. Saboda haka kafin a taɓa kowace kwalba, akwai abubuwan da ya kamata a warware: mene ne KH ɗin nan, shin kifin da ke gabanka yana ma buƙatar a rage masa shi, kuma idan yana buƙata, yaya za a yi ba tare da an halaka shi ba?

Lambobi uku da ake cakuɗawa

Lambar pH ita ce aka fi sani. Ma'auni ne daga 0 zuwa 14, wanda wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Søren Sørensen ya ɓullo da shi a 1909. Lamba 7 ce tsakiya. Ƙasa da ita ruwa ya karkata ga tsami, sama da ita ya karkata ɓangaren kanwa. Abin da mutane ke mantawa shi ne kowane mataki ɗaya ninki 10 ne. Ruwan da ke kan 6 ya ninka na 7 tsami sau 10, wanda ke kan 5 kuwa sau 100. Idan ka sauko da tanki daga 8 zuwa 7 cikin rabin sa'a, a idonka lamba ɗaya ce ta motsa, amma a jikin kifin babban sauyi ne.

Lamba ta biyu, GH, tana auna yawan kalsiyam da maganiziyam da suka narke a ruwa. Su ne ke sa sabulu ya ƙi kumfa a ruwan wasu rijiyoyi. Kifi na buƙatarsu don ƙashi, katantanwa da jatan lande kuma don ɓawo.

KH, wanda shi ne batunmu, yana auna kabonet da bayikabonet, kuma aikin waɗannan biyu shi ne kashe tsami. Matan da ke miyar yakuwa sun san wannan aiki tun kafin a ƙera kwalaben gwaji. Idan tsamin ganye ya yi yawa sai a jefa ɗan gutsuren kanwa, miya ta yi kumfa, tsamin ya kwanta. Kanwar da ake samowa a yankin Tafkin Cadi da ƙasar Manga ta Nijar, akasarinta kabonet da bayikabonet ne na sodiyam, kumfar kuwa iskar CO2 ce da ke fita idan sun gamu da asid. Abin da ke faruwa a tukunyar shi ne ke faruwa a tanki: duk asid ɗin da ya shiga, bayikabonet ne ke tare shi.

Daga nan za a gane cewa GH da KH ba dole su tafi tare ba. A mafi yawan ruwan rijiya suna hawa tare, domin dutse ɗaya ne tushensu. Amma ruwan da ya ratsa ƙasa mai kanwa zai iya zuwa da KH mai yawa alhali GH ɗinsa kaɗan ne. Shi ya sa awon ɗaya ba ya wadatarwa game da ɗayan.

Ana lissafin KH da digiri, bisa tsarin Jamusawa, a rubuta dKH. Digiri 1 daidai yake da miligram 17.9 na kalsiyam kabonet a lita ɗaya, don haka idan takardar gwajinka ta nuna 180, kana kusa da digiri 10 ke nan. Awon kansa ba shi da wahala. Ana zuba mililita 5 na ruwan tanki a ƙaramar kwalba, a riƙa ɗiga ruwan gwaji ɗigo-ɗigo ana girgizawa. Launin zai fara da shuɗi, sannan ya juye rawaya. Yawan ɗigon da aka yi kafin ya juye shi ne yawan digirin.

Dalilin da pH ke komawa inda ya fito

A ruwan tanki, abubuwa biyu ne ke yanke wa pH hukunci: KH da kuma iskar CO2 da ke narke a ciki. KH na ja sama, CO2 na ja ƙasa. Tankin da ake hura wa iska yadda ya kamata yana riƙe da CO2 kaɗan, mu ce miligram 3 a lita. A irin wannan hali, ruwa mai KH 12 zai zauna wajen pH 8.1, mai KH 3 wajen 7.5, mai KH 1 kuma wajen 7.

Yanzu a duba abin da ke faruwa idan an zuba asid. Nan take yake haɗuwa da bayikabonet ya mayar da wani sashe nasa CO2. Iskar ta taru a ruwa, pH ya faɗo, mai tanki ya auna ya yi murna. Cikin dare famfon iska da motsin saman ruwa su fitar da wannan CO2 ɗin, pH ya sake hawa. Abin da ya ragu na dindindin ɗan KH ne kawai, daga 12 wataƙila zuwa 11. Kuma lissafin yana da tsauri: ko da ka raba KH gida biyu, daga 12 zuwa 6, pH zai sauko ne da 0.3 kacal. Shi ya sa ake ganin kamar magani ba ya ci.

Haɗarin yana can ƙarshen hanya. Muddin akwai bayikabonet, lambar na jurewa. Ranar da ya ƙare, ɗigon da jiya bai motsa komai ba shi zai jefa pH zuwa 5 ko ƙasa da haka, kuma a tsakanin nan kifin ya sha hawa da sauka kullum. A ganina wannan hawa da saukar ta fi kashe kifin ado fiye da taurin ruwan da ake ƙoƙarin gyarawa.

Akwai kuma wata yaudara da ruwan rijiyar burtsatse ke yi. Yakan fito daga ƙasa cike da CO2, sai ka auna a bakin famfo ka ga 7 ko ƙasa, ka ɗauka ruwanka mai laushi ne. Ka bar shi ya kwana a bokiti da famfon iska, ka sake aunawa. Lambar da ka gani da safe ita ce ta gaskiya.

Ta ina yake shigowa?

Hanya ta farko ita ce ruwan da ake cika tanki da shi. Ruwan sama idan ya nutse cikin ƙasa yana ɗauke da CO2, ya narkar da dutsen farar ƙasa, ya fito da kalsiyam da bayikabonet. Duk inda irin wannan dutse ya yawaita, kamar Kalambaina kusa da Sakkwato, Ashaka a jihar Gombe, ko Malbaza a jihar Tawa ta Nijar, wuraren da aka kafa masana'antun siminti saboda shi, akwai dalilin sa ran ruwan ƙasa mai tauri. Inda kuwa ƙasa ke zaune kan dutsen giranit, sau da yawa ruwan ya fi laushi. Amma wannan ishara ce kawai. Rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya kan bambanta, kuma rijiya ɗaya kan canza tsakanin damina da rani.

Hanya ta biyu tana cikin tankin kansa, kuma ita ce aka fi mantawa. Farar tsakuwar mabul da ake shimfiɗawa don kyau, wuri, ɓawon katantanwa, gutsattsarin murjanin teku, har da wasu duwatsun ado masu ruwan toka da fararen jijiyoyi, duk suna narkewa a hankali suna ƙara KH. Mutum zai kashe kuɗi yana sayen ruwa mai laushi, tsakuwarsa na mayar masa da shi mai tauri. Gwajin mai sauƙi ne: a fito da dutsen, a busar, a ɗiga masa binega. Idan ya yi kumfa, yana da kabonet. Wasu duwatsun ba sa nuna kumfa da binega saboda rauninta, to irin su sai a ajiye a bokitin ruwan da aka san KH ɗinsa, a sake aunawa bayan mako guda. Sabon siminti ma haka yake, kuma masu kiwon tarwada sun san wannan, shi ya sa ba sa zuba kifi a sabon tankin siminti sai sun jiƙa shi sun zubar da ruwan sau da dama.

Hanya ta uku ta fi shafar masu zaune a ƙasa mai zafi da bushewar iska. Lokacin hunturu da bazara ruwan tanki na raguwa da sauri. Abin da ke tashi sama tsantsar ruwa ne, ma'adinai na nan a baya. Idan kullum da ruwan famfo ake cike gurbin, to kullum ana ƙara kabonet a kan wanda bai fita ba. Bayan watanni sai a ga KH na tanki ya zarce na famfon da ake ɗebowa. Cike gurbi dabam, canjin ruwa dabam, kuma na farkon da ruwa marar ma'adini ya kamata a yi shi.

Wane kifi ne ke buƙatar a rage masa?

A nan ne masu wannan sana'a suka rabu biyu. Wasu na cewa a ba kowane kifi irin ruwan mahaifarsa. Wasu na cewa a bar ruwan famfo yadda yake, a zaɓi kifin da ya dace da shi, domin zaman ruwa a kan lamba ɗaya ya fi dacewar lambar muhimmanci.

Masu ra'ayi na farko suna da hujja. Kogin Rio Negro na Brazil, wanda ke haɗuwa da Solimões a birnin Manaus, ruwansa baƙi ne kamar shayi, pH ɗinsa ƙasa da 5, KH kuwa kusan babu. Daga nan ne, musamman ta garin Barcelos, ake kamo ƙaramin kifin nan mai ja da shuɗi da ake kira kadinal tetra. Kifin diskos ma ɗan kogunan Amazon ne. Irin waɗannan, musamman waɗanda aka kamo daga daji, sun fi sakewa a ruwa mai laushi, kuma ƙwansu sau da yawa ba ya ƙyanƙyashewa a ruwa mai tauri. Jatan landen ado na jinsin Caridina, masu ratsin ja da fari, sun fi kowa tsanani: ana kiwonsu ne a KH tsakanin 0 da 1. Kudancin Najeriya ma na da nata kifayen ruwa mai laushi da ake fitarwa kasuwannin duniya, irin su kiribensis na yankin Neja Delta da kifi mai hancin giwa.

Sai dai masu ra'ayi na biyu sun fi kusa da halin yawancin mutane. Kifayen da suka cika shaguna su ne gofi, moli, filati, jan kifin nan na gwal da kuma koi, kuma dukkansu ruwa mai ɗan tauri suke so. Rage musu KH cutarwa ce. Haka kifayen sikilid na manyan tafkunan gabashin Afirka: Tafkin Malawi na kan pH wajen 8, Tafkin Tanganyika kuma na kusantar 9 da KH sama da digiri 15. Mai ruwan rijiya mai tauri da ya zaɓi waɗannan, ruwansa ya zame masa alheri kyauta. Bugu da ƙari, mafi yawan tetra da enjel da ake sayarwa an haife su ne a gonakin kifi, zuriya bayan zuriya, sun saba da ruwa matsakaici. Kiribensis kansa na hayayyafa lafiya a ruwan famfo na ƙasashe da dama.

Ni dai ina tare da ɓangare na biyu, sai inda dalili ya bayyana ƙarara. Idan KH ɗinka tsakanin 3 da 8 yake, kuma kifayen gama-gari kake kiwo, babu abin gyarawa. Idan ya haura 10 ko 12 kuma kana son hayayyafar kifin Amazon, ko kiwon Caridina, ko wasu shuke-shuken ruwa masu laushin hali, to aikin ya zama dole. Tsakanin waɗannan biyu, kifin ne zai faɗa maka: cin abincinsa, launinsa, da yadda yake buɗe fukafukansa.

Sirki: hanyar da ta fi aminci

Hanya mafi inganci ita ce mafi sauƙin fahimta. A sirka ruwa mai tauri da ruwan da babu komai a cikinsa. Lissafin a miƙe yake. Idan ruwan famfonka na da KH 12, bokiti ɗaya nasa da bokiti ɗaya na tsantsar ruwa zai ba ka 6. Bokiti ɗaya da biyu zai ba ka 4. GH ma zai sauka daidai wannan gwargwado, kuma ba ka ƙara wa ruwan wani sinadari ba.

Tambayar ita ce ina za a samo tsantsar ruwan. Babbar hanya ita ce na'urar RO, wadda ke matsa ruwa ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi, ta tace fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ya narke a ciki. Tana da tsadarta. Tana son matsin ruwa mai ƙarfi, wanda tankin saman gida ba kasafai yake bayarwa ba sai an haɗa da ƙaramin famfon lantarki. Kuma ƙananan na'urorin gida kan zubar da lita 3 ko 4 kafin su ba da lita 1. A gidan da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake ruwan da aka zubar ɗin yana yin wanki da shara. Mai ƙaramin tanki ya fi masa sauƙi ya sayi jarka daga masana'antar ruwan sha da ke amfani da RO. Kada dai a ɗauka duk ruwan leda haka yake. A auna KH ɗinsa tukuna.

Ruwan sama kyauta ne, kuma KH ɗinsa kusan sifili, pH wajen 5.6. Matsalarsa rufi da indararo. Kwanon rufi na iya sakin tutiya a ruwa, ita kuwa guba ce ga kifi. Ga ƙura, ga kashin tsuntsaye, ga hayaƙin gari. Wanda zai tara, ya bar ruwan farkon damina ya wuce, ya kuma bar mintunan farko na kowane ruwa su wanke rufin, ya ajiye a duron roba mai murfi, ya tace da gawayin tace ruwa kafin amfani. Kuma ya tuna damina 'yan watanni ce. Idan ya saba wa kifinsa ruwa mai laushi a Agusta, da me zai ci gaba a Maris? Wannan tambaya ta cancanci amsa tun kafin a fara.

Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma ba shi da ma'adini, amma ya bi ta kan ƙarfe da ƙura, kuma ɗan jan ƙarfe kaɗan ya isa ya kashe jatan lande. Ban ba da shawararsa ba. Tataccen ruwan da ake sayarwa don batirin mota kuwa, a yi hattara ƙwarai, domin a shago ɗaya ake sayar da shi da ruwan batir mai asid, kuma kwalaben kan yi kama.

Yadda ake shigar da sabon ruwan shi ne rabin aikin. Jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da ke kewaye da shi gishiri, don haka jikinsa kullum cikin aikin daidaitawa yake, yana fitar da ruwa yana riƙe gishiri. Sauyi na farat ɗaya na rikita wannan aiki. A haɗa ruwan a bokiti, a auna, a tabbatar ɗuminsa ya yi daidai da na tanki, sannan a zuba. Misali, tanki mai lita 100 da KH 12, ana son kai shi 4. A canza lita 20 da ruwan da aka sirka zuwa 4. Canji na farko zai kai tankin 10.4, na biyu 9.1, na uku 8.1, na huɗu 7.3, haka har a kusanci inda ake so. A bar kwana biyu ko uku tsakanin kowane canji. Ƙa'idar da masu kiwo suka saba bi ita ce kada a sauke fiye da digiri 1 zuwa 2 a rana.

Tsantsar ruwan RO shi kaɗai ba mazaunin kifi ba ne. Ko dai a sirka shi da na famfo, ko a mayar masa da ma'adinai ta garin da ake sayarwa don haka.

Ganye, itace da ƙasa

Busasshen ganyen itacen katafa, wanda ake kira almon na Indiya, sananne ne a wurin masu kiwon kifin beta a Tailan. Itacen na nan a Afirka ta Yamma, ana shuka shi don inuwa, saboda haka ganyensa ba abin saye da tsada ba ne, in dai wanda ya bushe ya faɗo da kansa ne kuma ba a yi feshin magani a wurin ba. Yana sakin asid mai rauni, ya rina ruwa ruwan shayi. Saiwar itacen ado da ake nutsarwa a tanki ma haka take yi, kazalika ruɓaɓɓiyar ciyawar fadamun ƙasashen sanyi da ake kira fit, wadda ake sa wa a jaka a cikin matata. Ƙarfinsu duka kaɗan ne. A ruwa mai KH 2 za ka ga tasirinsu, a mai KH 12 launi kawai za ka samu. Wurinsu bayan sirki ne.

Wadda ta fi su ƙarfi ita ce ƙasar shuka ta musamman da ake toyawa ƙwaya-ƙwaya, irin Amazonia ta kamfanin ADA na Japan, wanda Takashi Amano ya kafa. Tana janye ma'adinai daga ruwa, ta sauke KH har kusan sifili, ta riƙe pH wajen 6 da ɗoriya. A kanta ake kiwon Caridina. Amma ƙarfinta na ƙarewa, kuma ruwa mai tauri na cinye shi da wuri, don haka masu amfani da ita da ruwan RO suke haɗawa. A makonnin farko kuma tana sakin amoniya, wani sinadari mai guba ga kifi, sai an jira kafin a sa kifi.

Dabarun da ake yaɗawa

Lemun tsami da binega na sauke pH nan take, amma abinci ne ga bakteriya. Su ci, su yawaita, ruwa ya yi fari-fari, oksijin ya ragu, kuma bayan sun gama ci KH ya dawo kusan inda yake. Alam da ake kwantar da laka da shi yana cin KH da gaske, sai dai yana barin alminiyam, wanda ke cutar da numfashin kifi idan ruwa ya yi tsami. Magungunan da aka haɗa da fosfet kuwa gansakuka suke ciyarwa.

Tafasa ruwa na aiki zuwa wani mataki. Farin ɓawon da ke manne wa cikin butar shayi kalsiyam kabonet ne da zafi ya fitar daga ruwa. Idan aka tafasa, aka bar shi ya huce, aka tsiyaye na sama, KH da GH duka sun ragu. Ga ƙaramin tanki mai lita 20 ana iya jurewa. Ga mai lita 200, kuɗin gas ya fi na ruwan RO. Kuma idan bayikabonet ɗin na sodiyam ne, tafasawa ba ta fitar da shi. Na'urar laushin ruwa ta gida da ake zuba wa gishiri ma ba ta da amfani a nan, domin kalsiyam take musanyawa da sodiyam, ta bar KH yadda ta same shi.

Asid mai ƙarfi da ake sayarwa musamman don tankin kifi yana rage KH na dindindin, kuma ƙwararru na amfani da shi. Sharaɗinsa a yi aikin a duro dabam, a hura iska kwana guda har CO2 ya fice, a auna, sannan a kai wa kifi. Ko a haka, bayikabonet ne kawai aka musanya da salfet ko kuloraid, jimillar abin da ke narke a ruwan ba ta ragu ba. Kifin Rio Negro da ke neman ruwa marar ma'adini bai samu biyan buƙata ba.

Masu tankin shuke-shuke da ke hura CO2 su lura: iskar na sauke pH amma ba ta taɓa KH ko kaɗan. Ruwa mai KH 4 da aka hura wa CO2 har miligram 30 a lita zai nuna pH wajen 6.6, a kashe iskar kuma ya koma sama.

Idan aka wuce gona da iri

KH ba abokin gaba ba ne da za a nemi ƙarar da shi. Kifi na fitar da amoniya, bakteriyar da ke zaune a matata na mayar da ita naitret, kuma wannan aiki asid yake haifarwa. Kowane miligram 1 na naitirojin ɗin amoniya da suka sarrafa yana cin kusan miligram 7 na taurin kabonet. Ma'ana, a kowane tanki mai kifi KH na raguwa da kansa kullum, canjin ruwa ne ke mayar da shi. Tankin da aka sauke zuwa digiri 1, aka cika shi da kifi, aka kuma yi sakaci da canjin ruwa, zai wayi gari babu abin da ke tare asid.

Abin da ke biyo baya sarƙa ce. Idan pH ya gangaro wajen 6, bakteriyar matata na rage aiki sosai, amoniya ta fara taruwa. A ruwa mai tsami ba ta da dafi sosai, shi ya sa kifin ke ci gaba da rayuwa. A zafin digiri 25, kashi 0.6 cikin 100 ne kawai na amoniya ke cikin siffarta mai guba a pH 7, amma a pH 8 ya haura kashi 5, kuma zafi na ƙara shi. Sai mai tanki ya firgita da ganin lambar ta faɗi, ya kwashe rabin ruwa ya cika da na famfo mai tauri, pH ya yi tsalle, amoniyar da ta rage ta rikiɗe guba. Kifin ya mutu bayan canjin ruwa, a ɗora wa sabon ruwan laifi.

Wanda ya tsinci kansa a wannan hali ya auna amoniya kafin komai, ya riƙa canza kashi 10 cikin 100 a kowace rana, ya rage abinci. Idan ana buƙatar ɗaga KH, bekin soda na yi: giram 3 a lita 100 na ƙara kusan digiri 1. A narkar da shi a kofi a zuba kaɗan-kaɗan, kuma kada a rikita shi da bekin fauda, wanda aka haɗa da wasu abubuwa. Ga tankin gama-gari, kada a bar KH ya sauka ƙasa da 3. Masu kiwo a ƙasa da haka suna yi ne da kifi kaɗan, shuke-shuke da yawa, da awo a kai a kai, aƙalla sau ɗaya a mako har sai sun san saurin da tankinsu ke cin KH tsakanin canjin ruwa da na gaba.